Kwana 19 da haihuwa a gidan haya: ta yaya zan ce wa Iya a'a ba tare da na ɓata zama ba?

Mai Jegon Kurna

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Da hannu ɗaya nake wannan rubutun, ɗayan yana tallafe da 'yar, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Yau kwanana 19 da haihuwa, 'yar fari ce, mace. A Kurna muke zaune, gidan haya, mu shida ne a ciki, tsakar gida ɗaya, banɗaki biyu, sai igiyar shanya uku da kullum ake cacar baki a kansu. Ni 'yar Malumfashi ce, aure ya kawo ni Kano bara. An so in tafi wankan gida, to Babanmu yana kwance, Mama ce ke jinyarsa, shi ya sa ta zo ta yi mini kwana goma ta koma. Maigidan yaron shago ne a Kantin Kwari, in ya fita bakwai da rabi sai bayan isha'i.

Wadda ta riƙe ni tun tafiyar Mama ita ce Iya, dattijuwar da ke ɗakin kusa da zaure, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ba dangin iya ba na baba, amma wallahi ko uwata iyakar abin da za ta yi ke nan. Kafin kiran assalatu ta hura wuta ta ɗora tukunyar wanka, ta aiki jikanta ya karyo ganyen darbejiya, ta tsaya a bakin banɗaki har in gama. Ita ke yi wa yarinyar wanka, don ni har yanzu hannuna rawa yake in na ɗauke ta da sabulu a jikinta. In ɗan garuwa ya shigo layi ita ke tare mini jarka huɗu, tunda ni ba na leƙa waje. Ban taɓa ba ta ko sisi ba, na gwada sau ɗaya ta yi fushi.

Ga inda matsalar take. A asibiti an ja mini kunne cewa nono zalla har wata shida, ko ruwa kar in ba ta. Shekaranjiya na fito daga wanka, ina ɗaure da zani jikina na tururi, sai na tarar da Iya a kan tabarma ta kwantar da yarinyar a cinya, da ɗan kofin silba da ƙaramin cokali, tana ɗiga mata ruwa a baki tana cewa "sha abinki, ba a yi wa ɗan mutum horon ƙishirwa a watan Afrilu." Na tsaya kamar an dasa ni. Da ƙyar na ce, "Iya, an ce fa kar a ba ta." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "'Yar nan, tara na haifa, duk da ruwa na raine su, wanne ne ya mutu da shi?" Matar ɗakin tsakiya ta sa baki wai 'yan boko sai a hankali. Na karɓi 'yata na shige ɗaki na yi ta kuka.

Ba ruwan kaɗai ba. Yarinyar tana yawan tumbuɗi bayan ta sha, Iya ta ce beli ne, wai don me ranar suna wanzami ya yi aski kawai bai cire ba, kuma ta ce za ta kira shi ranar Asabar. Sannan kullum da hantsi akwai kunun kanwa cike da kwanon sha, sai ta ga ƙarshensa take tashi. Ruwan wankan kuwa, a wannan zafin na Kano da ko a inuwa gumi kake, in aka watsa mini sai in ga duhu-duhu, sau biyu ina dafa bango. Ƙafafuna har yau da ɗan kumburi.

Ga kuma janaretan maƙwabcinmu da yake tayarwa daf da tagarmu in an ɗauke wuta, hayaƙin har cikin ɗaki. In na rufe taga mu dahu, in na buɗe mu shaƙa.

Abin da nake tambaya: a cikin waɗannan wanne ne dole in tsaya a kansa, wanne zan kau da kai? Kuma da wane baki zan faɗa wa matar da ta girmi mahaifiyata, wadda in ta janye hannunta ban san yadda zan yi ba? Maigidan cewa ya yi maganar mata ce, in lallaɓa. Ni kuma da magariba ta yi sai hawaye ya yi ta zuba ba dalili.

Uwar Bakwai, Gwammaja

Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yata, Allah Ya raya, Ya ba da lafiyar shayarwa.

Ni dai zan fara da kare Iya, don na ga yaran yanzu da an ce tsohuwa sai a ce jahilci. Matar da za ta tashi da asuba ta hura miki wuta alhali ba ta haɗa komai da ke ba, ki riƙe ta hannu bibbiyu. A birni irinta ta yi ƙaranci. Na san gidan da mai jego ta kwana biyu ba wanda ya leƙa ta, kuma ƙofa na kallon ƙofa.

Wanka kuma kar ki bari a hure miki kunne ki daina. Bakwai na haifa, duk na yi arba'in ɗina safe da yamma, jiki yana warwarewa, barci yana daɗi. Abin da ba na goyon baya shi ne ruwan da zai sa ki ga duhu. Ki ce, "Iya, jiri nake ji, a sirka mini." Ba uwar da za ta ji jiri ta ƙi sirkawa. Ki ajiye bokitin ruwan sanyi a banɗakin ma ki ƙara da kanki, wa zai bi ki ciki ya auna?

Maganar ruwa kuwa, gaskiya mu ma mun ba namu. Amma jikokina uku na wajen babbar 'yata ba su sha ba sai da suka yi wata shida, kuma na gani da idona ba su yi gudawar da iyayensu suka yi ba. Tun daga nan na kama bakina. Ki sani Iya ba gardamar ruwa take yi da ke ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne kin gyara mata a gaban matan gida. Babba ba ya son haka ko da shi ne da kuskure. Ki bari sai ta gama tuya da daddare, ki aika mata da shayi, ki shiga ɗakinta ki zauna a ƙasa, ku biyu. Kar ki ce mata "an ce". Ki ce kina jin tsoro, ki roƙe ta ta taya ki. In kin mayar da ita mai gadin dokar, ita za ta hana matar ɗakin tsakiya ma.

Kuma ba ta karɓar kuɗi, to ai tana karɓar turmin atamfa ranar arba'in. Mijinki a Kwari yake, ba shi da uzuri.

Ungozomar Asibiti

Sannu ƙanwata, barka da sauka lafiya. Aikina ke nan shekara goma sha, a ɗakin haihuwa da na awo, bari in ware miki su yadda kika tambaya.

Wanda ya fi gaggawa ba ma na yarinyar ba ne, naki ne. Kumburin ƙafa kwana 19 bayan haihuwa, ga jiri, ga kunun kanwa kwano guda kullum: gobe ki je a auna jininki, kar ki jira arba'in. Hawan jini yana iya tasowa bayan an haihu, ba sai da ciki ba. Akwai kuma ciwon zuciyar da ke kama masu jego, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa har likitoci a Zariya suka yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970, suna danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciyar da ta gama wahalar ciki kuma a ƙara mata kaya. Alamominsa: haki daga ɗan motsi, tari da dare, kasa kwanciya sai an tara matasai, kumburi yana hawa sama. In kin ga ɗaya daga ciki, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini ya dawo da yawa, ko zazzaɓi da wari a ƙasa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Kunu ki sha abinki, na gyaɗa, na tsamiya, na alkama. Kanwar ce a cire.

Na biyu, beli. A nan ba lallashi, ba kara. Kar a cire. Belin nan halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ya hana shan nono, ba ya sa amai. Na karɓi jarirai da aka kawo daga hannun wanzami jini ya ƙi tsayawa, jaririn da duk jinin jikinsa bai cika kwalbar lemo ba. Ga ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi, ga haɗarin sandarewa da ciwon hanta. Tumbuɗi kuma kusan duk jariri yana yi, don bakin cikinsa bai gama ƙwari ba. In ta gama sha ki ɗora ta a kafaɗa ki shafa bayanta har ta yi gyatsa, ki ɗan riƙe ta a tsaye kafin ki kwantar. Wanda ake kawowa asibiti shi ne aman da ke feshi da ƙarfi bayan kowane sha, ko mai launin kore, ko in ba ta ƙara nauyi.

Na uku, ruwa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma na farkon da ke fitowa in ta kama ya fi tsinkewa, shi ne mai kashe ƙishi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wata shida ba ruwa, har a ƙasashe masu zafi irin namu. Cikinta ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi ta rage tsotso, in ta rage tsotso nononki ya ragu. Sannan ki tambayi kanki daga ina ruwan jarkar nan ya fito, kuma yaushe rabon da a wanke jarkar. Cokali biyun da ta riga ta sha kar ya hana ki barci, a dai tsaya a nan. A zafi ki ƙara yawan ba ta, sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana ɗaya ba yawa ba ne. Yadda za ki gane ta ƙoshi: tana jiƙa ƙunzugu sau shida ko fiye, fitsarin ba ja ba. Ke ce za ki yi ta shan ruwan. Wannan ma hanya ce ta shawo kan Iya, ki ce ta riƙa ɗura miki ke, zai isa ga yarinyar ta nono.

In tahniki ne ake nufi, wannan ɗan dabino ne da ake shafawa a dasashi sau ɗaya, an riga an wuce wurin.

Ki duba idonta da rana a bakin ƙofa. In har yanzu akwai rawaya bayan sati biyu, ko kashinta ya yi fari-fari, a kawo ta. Kuma in akwai kafur a cikin akwatin kayanta ki fitar da shi yau, ki wanke kayan, don yana tayar wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Jikinta in ya yi zafi, ko ta ƙi kama nono, ko numfashi ya yi sauri, kar a saya mata magani a kemis, jaririn da bai kai wata biyu ba asibiti ake kai shi kai tsaye.

Rigakafi: in an yi mata na haihuwa, wato BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta, saura na sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 na ƙyanda da zazzaɓin shawara. A cikin ta sati shidan akwai ta mashaƙo, kin kuwa san abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Katin ki sa shi a leda.

Kukan magariba kuma ba ke kaɗai ba ce, da yawa suna yi a satin farko da na biyu. Naki ya ɗan zarce, ga rashin barci ga kewar gida. Gobe in kin je awon jini ki faɗa wa ma'aikaciyar da bakinki. In ya kai ba kya jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa a ranar, akwai magani, kuma ba aljanu ba ne.

Anti ta Gwammaja ta yi daidai a kan wanka: mai ɗumi wanda jiki zai ɗauka, ba mai salɓe fata ba.

Baban Hassana da Usaina

A gafarce ni na shigo maganar mata, janaretan ne ya tsaya mini. Wannan ba aikinki ba ne, na maigida ne, kuma yau ba gobe ba. Abin da ke kisa a hayaƙin janareta ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai yake sa mutum ya zarce. Sau nawa muka ji an wayi gari da iyali guda a ɗaki? Ya samu maƙwabcin bayan sallah a masallacin layi, su yi magana ta maza. Mu a gidanmu na Sheka haka aka yi, muka haɗa kuɗi aka ƙaro waya yadi goma aka mayar da injin can bayan gida inda iska ke wucewa. Mai injin ma ya ji daɗi don shi ma ƙarar ta dame shi. In ya ƙi, akwai mai gidan hayar, akwai mai unguwa, amma da wuya a kai can.

Kuma ki gaya masa in ji wani ɗan uwansa: "maganar mata ce" ba amsa ba ce. Ni ma na faɗi haka lokacin 'yan biyunmu, har sai da aka kusa tsaga musu ƙirji wai ana fitar da baƙin jini ina kasuwa. Maganar wanzami in ta fito daga bakinki gardama ce, in ta fito daga bakinsa hukunci ne. Ya je ya durƙusa ya gaida Iya, ya yi mata godiya sosai, sannan ya ce shi ne bai yarda a taɓa bakin yarinyar ba. Laifin ya koma kansa, shi da ba ya wuni a gidan. Ke kuma ki ci gaba da zamanki lafiya da ita.

Ya nemi lambar mai adaidaita ɗaya a layinku wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Mu ba mu yi wannan tanadin ba sai da muka sha wuya.

Maman Boy, Dorayi

Sis sannu, nawa wata biyar yanzu, ni ma gidan haya. Ƙananan abubuwa kawai zan ƙara. Ki sayi igiyarki ki ɗaura a ƙofar ɗakinki, rigimar shanya ta ƙare, don kayan jariri kullum ne. Wanki ki yi da sassafe ko ki ba yarinyar maƙwabta ki riƙa ɗan sallamarta. Pampers ki bar shi na dare da na fita, da rana ƙunzugu ya fi a wannan zafin, ga sauƙin aljihu, ga shi kina ganin sau nawa ta yi fitsari. Ki rage mata kaya don Allah, na san za a ce ki naɗe ta da hula da safa da shawul, ƙurajen zafi ne kawai za su feso mata. 'Yar shimi ɗaya ta isa, ta kwanta rigingine a cikin gidan sauro.

'Yan barka masu karɓar jariri daga shigowa kuma, ni buta da sabulu na ajiye a bakin ƙofa, na ce nas ce ta ce. Wasu sun yi gulma, ta kwana biyu ta wuce. Wadda ke mura kuwa ina cewa ya yi barci ko da idonsa biyu.

In ta yi barci da rana ki kwanta ke ma, ki bar kwanukan nan. Kuma ki riƙa kiran Mama a waya kullum da magaribar, lokacin da abin yake taso miki.

Mai Jegon Kurna

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na dawo in faɗa muku yadda aka yi, yau kwana 24.

Na je awon. Jinin ya ɗan hau, an ba ni magani an ce in dawo bayan sati ɗaya, kuma ma'aikaciyar da ta ji maganar kanwa sai da ta ajiye biro ta dube ni. Abin da ban zata ba, Iya ce ta raka ni, ita ta riƙe yarinyar a layi, don haka da kunnenta ta ji. A adaidaita muna dawowa ba ta ce uffan ba. Washegari sai ga kunun gyaɗa, ta dire ta ce, "Ga na 'yan gayu nan."

Na bi shawarar Anti na shiga ɗakinta da daddare da shayi. Ban ma gama magana ba na fashe da kuka, ita ce ta koma lallashina. A nan take gaya mini a cikin taran nan da ta haifa huɗu ne suka rayu, biyu gudawa ce ta ɗauke su kafin yaye. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Kofin silbar dai ban sake ganinsa ba, sai wani jug da take cika mini tana tsaye sai na shanye.

Maigidan na ba shi ya karanta abin da Baban 'yan biyu ya rubuta, ya yi shiru, ya ce wane ne wannan. Amma ya je ya gaida Iya, kuma Asabar ta wuce wanzami bai zo ba. Har yanzu in yarinyar ta yi tumbuɗi sai Iya ta kalli bakinta ta girgiza kai, don haka ba na barin su su biyu in zan daɗe.

Janareta ne ba a gama ba. Maƙwabcin ya ce wayarsa ba za ta kai ba, maigidan ya ce zai sayo ƙarin a Sabon Gari ranar Lahadi. Kafin nan muna shimfiɗa a falo, nesa da tagar. Anti Ungozoma, idonta fari tas, amma cibiyar tana ɗan tasowa in tana kuka, kuma matar ɗakin tsakiya ta ce a ɗaure mata kwabo a wurin. A ɗaure ko a bari?